Darasi na 9: Daga Inuwar Gawo Zuwa Mafaɗar Ruwa

Manufar darasi

Idan muka kammala wannan darasi, kowane ɗalibi zai iya:

1. bayyana yadda mafaɗar ruwa take samuwa, da abin da ke sa ta ci baya;
2. ambata wasu wuraren da ruwa ke faɗowa daga dutse a Nijar da Nijeriya;
3. lissafa yawan ruwan da ke sauka a gonarsa;
4. faɗin hanyoyin tsare ruwa a gona tun bai zama kwazazzabo ba.

Karatu na farko: Inda ruwan jiya ya tafi

Ajinmu na yaƙi da jahilci yana wani ƙauye na ƙasar Hamdara, gabas da Mirya. Wata rana da rani muka rubuta “mafaɗar ruwa” a allo, sai ɗalibai da yawa suka ce su ba su taɓa ganin ta ba, sai dai a hoton waya. Wani dattijo daga cikinsu ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ai muna da tamu a bayan gari. Allah ya kai mu damina, ni zan kai ku.”

Aji ya tashi da faɗuwar damina, kowa ya koma gona. Cikin watan Agusta, an gama maimai, gero ya yi ciki, sai aka kwana ana ruwa, bai ɗauke ba sai bayan sallar asuba. Rana ba ta gama fitowa ba dattijon ya yi sallama a ƙofar gidana, riƙe da sandarsa. Ya ce, “Malam, yau ce ranar. A yi sauri, don ba ta jiran kowa.” Muka tara waɗanda suka samu, muka ɗauki kwalba guda babu kome a ciki, muka kama hanya.

Da fita gari muka shiga gonaki masu gawo. Gawo itace ne mai halin kansa. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado da ganye, shi kaɗe nasa yake yi. Da rani kuma ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen da ya zubar yakan ruɓe ya zama taki, dabbobin da suka yini a inuwarsa da rani suna cin ƴaƴansa su ma sun bar nasu takin. Duk gindin gawon da muka wuce, geron wurin ya fi na gefe tsawo da duhun ganye. Dattijon ya tsaya a ƙarƙashin wani babba, ya danna sandarsa a ƙasa, ta nutse fiye da taƙi guda ba tare da ya yi wani ƙoƙari ba. Ya ce, “Ku duba da kyau. Kun ga sawun gudun ruwa a nan?” Muka duba, babu. Ruwan daren jiya inda ya sauka nan ya shige.

Bayan gonaki akwai ɗan daji na sabara da kalgo da magarya, da aduwa jefi-jefi. Hanya ta ƙuntata, muka bi layi ɗaya, raɓa tana jiƙa mana wando. Muka tarar da wata tsohuwa tana tsinkar tafasa, muka ce, “Inna, sannu da aiki, ya ruwa?” Ta ce, “Ruwa ya yi gyara.” A gindin kowace sabara mun ga tarin ƙirare da busasshen ganye da kashin awaki waɗanda ruwa ya kwaso, itacen ya tare. A bayan kowane tari akwai lallausar ƙasa da ta kwanta. Ashe kowane ɗan itace shinge ne: ruwa ya zo da gudu, ya ci karo da shi, ya rage sauri, ya ajiye kayan da ya ɗauko.

Muna fita daga dajin sai ƙasa ta sake. Fili ne fetal, ja, mai sheƙi, ko ƙarangiya babu. Wannan shi ne faƙo. Dattijon ya sake danna sanda, ta ƙi shiga. Ya kankare wurin da bakinta, sai ga busasshiyar ƙasa, zurfin bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Ruwan da aka kwana ana yi bai ratsa ta ba. A saman faƙon akwai ƙananan sawu kamar yatsun hannu, biyu su haɗu su zama ɗaya, wannan ya haɗu da wani, har suka zama ƴar ƙorama mai gudu wadda sai da muka tsallake.

Tun ba mu gan ta ba muka ji ƙararta. Tafiyar duka ba ta wuce rabin sa'a ba. A ƙarshen faƙon ƙasa ta yanke kamar an sare ta da gatari, ruwa yana faɗawa cikin rami mai zurfin da ya fi tsawon mutum ya ɗaga hannu. Jan ruwa ne, yana kumfa, feshinsa yana taɓa mana fuska. Wurin yana da kyau, sai da kowa ya yi shiru na ɗan lokaci. A gefe guda saiwoyin wata magarya suna reto a iska, ƙasar da ta riƙe su ta tafi.

Wani saurayi ya zagaya ta inda gaɓa ta yi sauƙi, ya ciko kwalbarmu, muka ajiye ta a kan dutse. Dattijon ya nuna wata tsamiya can ƙasa ya ce, “Ina yaro ina kiwon awaki, bakin ramin nan yana wajen tsamiyar can. Nan da muke tsaye gonar wake ce.” Muka ƙirga daga tsamiyar zuwa inda ruwan ke faɗawa yau, taku 120. Da muka dawo wajen kwalba, ruwan sama-sama ya fara washewa, a gindinta kuma laka ta kwanta, kaurin yatsa guda. Saurayin ya ce, “Baba, wannan fa?” Dattijon ya ɗaga kwalbar ya ce, “Ɗana, gonar wani ce ka ɗebo.”

Karatu na biyu: Yadda mafaɗa take cin baya

Duk mai ɗakin soro ya san aikin indararo. Ruwan da ya taru a rufi yana fitowa ta baki ɗaya, ya faɗo ƙasa da ƙarfi. In ba a sa dutse a wurin ba, kafin damina ta ƙare ya haƙa rami, feshinsa kuma ya cinye gindin bango. Mafaɗar ruwa haka take aiki, ƙarama ce ko babba.

Abu uku ne ke haɗuwa. Na farko, ruwa mai yawa da ya taru a hanya ɗaya. Na biyu, wuri mai tudu da gangare. Na uku, ƙasa ko dutse mai tauri a sama, da mai taushi a ƙarƙashinsa. Ruwan da ya faɗo yana haƙa rami a ƙasa, yana juyawa a ciki da tsakuwa da yashi, yana ƙwaƙule mai taushin. Sannu a hankali leɓen sama ya rasa abin da zai zauna a kai, ya karye ya faɗa. Bakin mafaɗa ya matsa baya ke nan, aikin kuma ya sake farawa. Hanyar da ta bari a bayanta ita ce kwazazzabo.

Inda dutse ne, wannan aiki yana ɗaukar dubban shekaru. Mafaɗar Niyagara, a kan iyakar Amurka da Kanada, ta ci baya kimanin kilomita 11 cikin shekara wajen 12,000, wato bai cika mita ɗaya a shekara ba, duk da tarin ruwan da ke bi ta kanta dare da rana. Tamu ta bayan gari, wadda ba ta gudu sai ranar da aka yi ruwa, ta ci taku 120 a rayuwar mutum ɗaya. Ƙasar noma ba ta da ƙarfin dutse.

Karatu na uku: Manyan mafaɗa na kusa da na nesa

A ƙasarmu Nijar, wadda ta fi suna ita ce ta Timiya, cikin duwatsun Abzin, fiye da kilomita 200 arewa maso gabas da Agadas. Tana ɗan nesa kaɗan da garin. Bayan ruwan sama takan zubo daga tsakanin duwatsu ta faɗa wani kwarmin dutse mai riƙe ruwa. Mutanen Timiya suna da lambunan lemo da rumman da dabino, waɗanda ake shayarwa da ruwan rijiyoyin da ke cikin kwari. Timiya ba baƙuwarmu ba ce. Daga can ayarin raƙuma ke tashi zuwa Fashi da Bilma ya ɗauko kantun gishiri da dabino, sa'an nan ya gangaro kudu, ƙasar Damagaram har Kano, a musanya da gero. Gishirin da kakanninmu suka ba dabbobinsu, wani a bayan raƙuman Timiya ya iso.

A Nijeriya akwai Gurara a Jihar Neja, kusa da hanyar Suleja zuwa Minna, inda kogin Gurara ke faɗowa daga tsawon mita wajen 30. Akwai Matsirga kusa da Kafancan a Jihar Kaduna, wadda ruwanta ke fitowa daga duwatsun Kagoro. Akwai kuma Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba ta Jihar Nasarawa, mai tsawon mita wajen 150, tana gangarowa daga tudun Jos. Sunanta ya dace da ita, don daga nesa fari fat ake hango ta a jikin dutse, kuma sai an ratsa kurmi da ƙafa ake isa gindinta. Can kudancin Afirka, a kogin Zambezi tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, akwai mafaɗar Biktoriya, mai tsawon mita 108 da faɗin da ya kai mita 1,700. Mutanen wurin suna kiran ta da sunan da ke nufin hayaƙi mai tsawa.

Me ya sa waɗannan na kudu suke daɗewa suna gudu, tamu kuwa ta yini ɗaya ce? Ruwan samansu ya fi namu yawa ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma akwai dalili na biyu. Inda ciyawa da itatuwa suka rufe tudu, ƙasa takan sha ruwa ta ajiye, ta riƙa sakin sa a hankali ta idanun ruwa bayan an daina ruwan sama. Faƙo ba ya ajiya. Abin da ya samu da dare, da safe ya zubar.

Karatu na huɗu: Ruwa nawa muke asara?

Ana auna ruwan sama da milimita. Milimita ɗaya a fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. Hekta ɗaya kuwa mita 100 ce a tsawo, 100 a faɗi, wato irin wancan fili sau 10,000. In an yi ruwan milimita 30 a dare ɗaya, hekta guda ta samu lita 300,000. Duro mai cin lita 200, wanda muke ce wa tano, sai an cika 1,500 kafin a kwashe wannan ruwa. A yankin Damagaram ruwan shekara yakan kai wajen milimita 400 zuwa 500, mafi yawansa a watannin Yuli da Agusta. Ko a shekarar milimita 400, kowace hekta tana karɓar tano 20,000.

Mu mutanen Damagaram mun san tsadar ruwa. Birnin Damagaram, wato Zindar, yana zaune a kan dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sosai, shi ya sa ake jawo masa ruwan sha daga nesa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da babban birnin ƙasa daga Zindar zuwa Yamai a 1926. Wanda matarsa ke sammakon rijiya da rani, bai kamata ya tsaya yana kallo tano dubu suna ficewa daga gonarsa cikin dare ɗaya ba, su tafi kuma da ƙasar da ta fi kyau.

Karatu na biyar: Maganin yana sama

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tafi bakin rami a zuba shara da ƙaya, a ce an toshe. Ruwa mai ƙarfi zai kwashe su, ko ya zagaya ya buɗe sabon baki. Ramin ba shi ne tushen ciwon ba. Ciwon yana can sama, inda ɗigon farko ya sauka bai sami abin da zai riƙe shi ba.

Magabatanmu sun san darajar itace. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, ya hana saran gawo, ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya karya dokar. Daga baya, a zamanin Turawa da bayansa, itace ya zama kamar na hukuma, manomi yana jin tsoron a ci shi tara a kan abin da ya tsiro a gonarsa, sai ya gwammace ya share tun yana ƙarami. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka tarar da gonaki tsirara. Wahalar waɗannan shekaru ce ta sa mutane suka sake tunani. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoma a Maraɗi da Damagaram suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture da ƴaƴan gawon da suka tsiro da kansu, suna renon su. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Wani bincike na 2006 ya ƙiyasta cewa a gundumomin Magarya da Matamai da Mirya kaɗai, gonakin da itatuwa suka dawo cikinsu ta wannan hanya sun kai hekta wajen miliyan ɗaya. A ƙasa baki ɗaya ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Hannun manoma ne ya yi wannan, ciki har da iyayenmu na nan Hamdara, tunda ƙasarmu tana cikin gundumar Mirya. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Ga abin da kowa zai iya yi da kayan aikin da ke gidansa:

* Lokacin sassabe, a kowane kututture a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a cire sauran da wuƙa mai kaifi. A ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi.
* A bar wani kaso na kara a kwance a kan faƙo. Gara za ta zo ci, ramukanta su buɗe wa ruwa hanyar shiga.
* A haƙa rabin wata a kan faƙo, bakinsa yana kallon tudu, layi na biyu yana tare tsakanin na farko. A zuba taki a ciki, a shuka.
* A jera duwatsu a gicciye, kada a bi gangare, a dasa gamba a bayansu.
* Ƙananan sawun ruwa a tare su tun suna ƙanana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Babban kwazazzabo ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai masu gonakin sama da na ƙasa sun zauna da mai gari, a nemi shawarar ma'aikatan gandun daji da na aikin gona, don wani wurin sai an sa ragar waya cike da duwatsu.

A kiyaye kuma da rai. Kada a tsaya a leɓen rami bayan ruwa, don ƙarƙashinsa a ƙwaƙule yake. Kada a shiga kwari in hadari ya haɗu a sama da shi, ko da inda ake ba a ruwa, domin ambaliya takan iso ba sallama. A hana yara wanka a ruwan da ya kwanta. Kurkunu ya taɓa addabar ƙasar Mirya, har Allah ya sa a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi, amma tsargiya tana nan a irin wannan ruwa.

Ranar da muka je mafaɗar bayan gari, bayan azahar, na sake bi ta wurin ni kaɗai. Mafaɗar ta yi tsit, sai ɗan ruwa a gindin rami da sabon ɓaraguzan ƙasa da ya rufto. A hanyar dawowa na tsaya a gindin gawon dattijo, na tona da hannu. Ƙasar tana da sanyi da danshi har inda hannuna ya kai. Ruwa ɗaya ne ya sauka a wuraren biyu, a dare ɗaya. Na faƙo ya yi ƙara ya wuce, na gindin gawo yana nan yana ciyar da gero.

Sababbin kalmomi

* Mafaɗar ruwa: wurin da ruwa mai gudu ke faɗowa daga sama zuwa ƙasa.
* Faƙo: ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya ratsawa, shuka ba ta fita.
* Kwazazzabo: doguwar hanya mai zurfi da ruwa ya haƙa.
* Zaizayar ƙasa: tafiyar ƙasar sama ta dalilin ruwa ko iska.
* Milimita: ma'aunin ruwan sama, guda 1,000 ke yin mita ɗaya.
* Sassaben zamani: share gona tare da barin toho da renon sa har ya zama itace.

Tambayoyi

1. Me ya sa sandar dattijo ta nutse a gindin gawo, ta ƙi shiga a faƙo?
2. Wane aiki sabara da kalgo suka yi wa ruwa mai gudu?
3. Me dattijo yake nufi da ya ce, “Gonar wani ce ka ɗebo”?
4. Ta yaya indararo ya yi kama da mafaɗar ruwa?
5. Wace alaƙa ce ke tsakanin Timiya da Damagaram?
6. Don me zuba shara a bakin rami ba ya magance kwazazzabo?

Lissafi

1. An yi ruwan milimita 20 a gona mai hekta 2. Lita nawa ta samu? Tano nawa ke nan?
2. In rabin wannan ruwa ya gudu, jarka nawa mai cin lita 25 aka yi asara?
3. Wani rami ya ci taku 120 cikin shekara 40. Taku nawa yake ci a shekara?

Aikin rubutu

Rubuta sunayen itatuwa biyar da ke gonarka ko gonar gidanku. A gaban kowane, rubuta amfaninsa guda ɗaya.

Aikin fili

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi kwazazzabo ɗaya kusa da gari. Ku kafa turke taku 20 daga bakinsa ta wajen tudu, ku rubuta ranar a littafi. Bayan kaka ku koma ku sake ƙirgawa. Daga nan ku bi sawun ruwan zuwa sama har inda ya faro, ku rubuta gonakin da ya ratsa, ku kawo wa aji shawarar inda ya kamata a fara aiki kafin damina mai zuwa.